Jan Buhu da Hannun Pap

Benwood, West Virginia
9 ga Oktoba

Zuwa ga kakana, Pap,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka da sauƙi. Yaya jikin? Yaya ƙafar da hannun? Allah ya ƙara afuwa. Mu nan lafiya lau, Mama tana gaishe ka.

Na ga gara in rubuto, domin ranar Lahadi da Mama ta kara maka waya a kunne na ji yadda kalmomi suke maƙale maka har ranka ya ɓaci. Ni ma ka san bakina nauyi gare shi ko da lafiya lau ake. Takarda ba ta gaggawa. Ka karanta a hankali, ba dole sai ka ba da amsa ba.

Karenka Banjo yana gidanmu tun ranar da ciwon shanyewar nan ya kayar da kai. Mun ɗauko kejinsa da bargonsa da ragowar jan buhun abincinsa. Ya koyi hawa matakalarmu, ko da yake yana hawa kamar wanda aka ba aron ƙafafu. Maƙwabta suna leƙowa su ga tsohon karen tsere, shi kuwa barci kawai yake yi, ƙafafu huɗu a sama.

Amma Pap, ba ya cin abinci. Ina auna masa kofi biyu safe da yamma, daidai yadda aka rubuta a bayan buhu. Sai ya zo ya sunsuna, ya dube ni, ya koma ya kwanta. Wani lokaci ya tsinci ƙwaya biyar ko shida don kada in ji kunya. Kai ka koya mini cewa karen tsere irin greyhound mai lafiya ƙashin haƙarƙarinsa biyu na ƙarshe ake gani, ba ƙari ba ragi. Jiya na ƙirga huɗu.

Anti Rhonda ta zo ta ɗaga buhun ta karanta. Ta ce, “Wannan ai dusar katako ce aka yi wa fenti. Baba da taurin kai, shekara talatin abu ɗaya. Ko ni aka ba wannan sai in yi yajin ci.” Mama ta ce mata ai ba ki taɓa yajin cin komai ba tun da aka haife ki. Suka yi dariya, amma daga baya Anti ta dage a sauya masa abinci.

Ni ban san abin yi ba. In sauya, ko in bar shi a kan wanda ya saba? Zan faɗa maka wani abu da nake jin kunyarsa. Duk kwanan da na yi a gidanka ban taɓa ganin lokacin da kake ba shi abinci ba. Kullum kafin in tashi kun gama a gareji, kai da shi.

Ban manta abin da na faɗa maka a bakin motar asibiti ba. Za ka dawo ka same shi.

Jikarka,
Delaney

18 ga Oktoba

Pap ɗina,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jiki. Mama ta ce ka taka taku shida da sandar ƙarfe. Na rubuta shida a kalandar kicin na zagaye.

Mun kai Banjo wajen likitar dabbobi. Ta duba haƙoransa, ta ɗebi jininsa, ta ce ba ta ga cuta ba. Nauyinsa laba sittin da biyar. A takardarsa ta bara saba'in da biyu ne. Na yi ƙarfin hali na yi mata tambayar da na yi maka. Ta ce in za a sauya, to a hankali, kashi ɗaya cikin huɗu na sabon a cikin tsohon, a riƙa ƙarawa har kwana goma, domin cikin irin waɗannan karnukan ba ya son bazata. Na rubuta duka a littafina, na ja layi, na yago shafin na liƙa a jikin firji.

Anti Rhonda ba ta karanta abin da ke jikin firji, buɗe shi kawai take yi. Ranar Laraba ina makaranta ta zo da wani koren buhu mai hoton kifi, ta cika masa kwano fal. Yunwa ta ci shi, ga ƙarnin kifi, ya cinye tas. Ta aiko mini da hoton kwanon ina tsakiyar darasin lissafi, ta rubuta, “Likita Rhonda ta gama aiki.” Gaskiya na yi murna, Pap, har na ji na yi maka laifi da na yi murnar.

Da na dawo gida tun daga bakin ƙofa na san an yi ɓarna. Ba zan bayyana maka abin da ya sami kafet ɗin falo ba. Kwana biyu cikinsa yana gudu. Yana tsaye a lungu yana rawar jiki, ya kasa haɗa ido da kowa. Na dafa masa farar shinkafa da kabewar gwangwani kamar yadda likita ta ce, ya ɗan lasa. Yanzu cikin ya tsaya, amma ya ƙi koren, ya ƙi jan. Haƙarƙari biyar.

Mama ta zaunar da ni. Ba faɗa ta yi ba, da faɗan ne ma da ya fi sauƙi. Ta ce, “Laney, ba zan zuba ido karen Baba ya mutu a hannunmu ba. In bikin Ranar Godiya na ƙarshen Nuwamba ya zo bai murmure ba, za mu mayar da shi wajen matan ƙungiyar nan masu nema wa karnukan tsere gida. Su sun san kansu.” Na ce to. Ka san ni, to kawai na iya cewa. Sai da na shiga ɗaki na tuna duk abin da ya kamata in faɗa. Wanda suka ba shi ba zai dawo mana da shi ba, ko?

Akwai wata magana. Mama ta ce kai ma kana ture tiren abincinka, har ma'aikaciyar jinya ta ce maka wanda bai ci ba ba ya tafiya gida. Na san dakakken dankalinsu ba gishiri. Amma ba zan iya da ku biyu a lokaci ɗaya ba.

In kana da wata dabara, ko da kalma ɗaya ce, ka ba Mama ta kawo mini.

Taka,
Delaney

27 ga Oktoba

Pap,

Gaisuwa da fatan alheri, Allah ya sa ka tashi lafiya. Yau hannuna yana sauri, ka yi haƙuri da rubutun.

Takardarka ta iso. Mama ta ce ka fi minti goma kana fama da biro a hannun hagu. Kalma ɗaya, harufan suna gangarowa kamar za su faɗo: HANNU.

Ba mu gane ba. Mama ta ɗauka kana gaya mana hannunka na dama ya tafi ke nan, ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada in ji kukanta. Anti Rhonda ta ce a'a, ƙorafi kake yi masu motsa maka jiki suna murɗa ka da yawa, har ta fara neman lambar shugabansu. Ni ma na zaci hannunka kake nufi. Na ji haushin kaina da na dame ka da zancen kare kana cikin wannan hali. Shi ya sa ba ka ji ni ba duk makon nan.

Jiya Asabar muka je gidanka ɗauko maka rigunan sanyi. Muka tarar da Mista Stankus, abokin aikinka na gidan karnukan tsere, yana share maka ganye a tsakar gida, ba wanda ya aike shi. Da ya ga Banjo ya fito daga mota sai ya jingine tsintsiyar. Ya shafa bayansa, ya ce, “Kai, tsohon ɓarawo, wa ya sace maka nama?” Sannan ya juyo gare ni. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya ce in nuna masa yadda nake ba Banjo abinci. Na ce kofi biyu, a kwano mai tsabta. Ya ce, “Sai me?” Na ce shi ke nan. Ya ce, “A bushe?” Na ce e. Na ƙara da cewa ina sa safar hannu ta roba, domin a darasin kimiyya an nuna mana ƙwayoyin cutar da ke cikin abincin dabbobi, in kuma zan gauraya shinkafa da cokali nake yi.

Pap, mutumin nan ya yi dariya har sai da ya zauna a kan matakala. Ya ce, “Cokali! 'Yar boko, jikar Walt Kovach guda da cokali. Kada ki bari ya ji, sai ɗaya ɓarin ma ya shanye.” Mama ta harare shi, amma na ga bakinta yana motsi.

Ya ja ni gareji. Ga tsohon daronka mai tsatsa a baki, ga butar dafa ruwa, ga tawul a ƙusa. Ya ce in nemo cokali ko ɗaya a wurin. Babu. Ya ce shekara talatin kuna haɗa wa karnuka sittin abinci a babban baho, da ruwan ɗumi, hannu har gwiwa, kuna cuɗawa har ya yi laushi, sannan ku dunƙula wa kowanne rabonsa. Ya ce karen da ya tashi a wurin bai taɓa ganin abinci ya zubo daga buhu yana ƙara kamar tsakuwa ba. Abin da ya sani shi ne abincin da ke ɗauke da warin hannun wanda ya yarda da shi. Ya ce, “Ke kin ba shi warin roba, kina mamaki ya ƙi.”

Sai na ciro takardarka daga aljihu na miƙa masa. Ya dube ta ya daɗe. Bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce, “To ai ga shi ya gaya muku.”

Mun taho da daron da butar. Da yamma na zuba kofi biyu daga jan buhu, na zuba ruwan ɗumi, na jira minti goma. Na naɗe hannun riga. Ba zan yi maka ƙarya ba, da na tsoma hannu sai da na kau da kai. Na cuɗa, na dunƙula, ya fito a karkace. Banjo ya taso daga kejinsa ba tare da na kira shi ba. Ya sunsuna yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana yi. Sannan ya karɓa daga tafina.

Rabi ya ci. Amma yau da safe ya cinye, har ya ture daron da hanci zuwa ƙarƙashin tebur.

Ka yafe mana da muka kasa karanta kalma ɗaya.

Jikarka mai cokali,
Delaney

17 ga Nuwamba

Zuwa ga Pap,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya sanyi a can? Rigunan sun isa? Kalandar kicin yanzu ta kai taku arba'in.

Laba saba'in. Likita ta sa shi a sikeli sau biyu don ta tabbatar. Haƙarƙari uku, na ukun ma sai ya juya wajen haske. Ta tambaye ni wane abinci na koma, na ce ban koma ko'ina ba. Jan buhu yana nan. Koren Anti Rhonda ta kai wa maƙwabciyarta. Har yanzu tana cewa dusar katako ce, sai dai yanzu ta ce jiƙaƙƙiyar dusar katako.

Ban jira Mama ta ta da maganar ba. Na same ta a kicin na ce ba za a mayar da shi ba. Wannan karon na kai ƙarshen maganar. Na gama cuɗa abinci ke nan ban wanke hannu ba. Sai ta kama hannuna ta kai hancinta. Ta ce tana yarinya ba ta yarda ka riƙe mata hannu a bakin makaranta, saboda warin nan ba ya fita ko da wane sabulu, yara kuma suna tsokanarta. Ta ce shi ya sa ba ta taɓa leƙa garejin ba. Ta riƙe hannun nawa ta daɗe. Daga nan ta ce in je in wanke kafin in taɓa mata burodi. Ban sani ba ko ta so in gaya maka wannan, amma na ga hakkinka ne.

Yanzu ga shirin. Mun tambaya, sun yarda a shigo da kare farfajiyar bayan asibitin ranar Godiya. Zan zo da Banjo da daro da ruwan ɗumi a fulas. Ba zan ba shi abincin safe ba, kai za ka haɗa masa. Na san abin da za ka yi tunani. Mista Stankus ya ce in gaya maka kare bai san dama da hagu ba. Kuma matar da ke motsa maka jiki ta gaya wa Mama cewa cuɗa abu mai laushi shi ne irin aikin da take so hannun daman ya fara gwadawa. In ka ga dama ka sa duka biyun, ba mai kallo sai ni da shi.

Saura kwana goma sha ɗaya. Mama ta ce har yanzu rabin tire kake ci. Banjo ya yi nasa. In na zo kai ma zan ƙirga haƙarƙarinka, kuma ka san doka, kai ka kafa ta: biyu kawai aka yarda a gani.

Jikarka mai ƙaunarka,
Delaney