Kaset ɗin Inna

Greensboro, 3 ga Mayu, 2004

Yaya Tchima,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da yara da mutanen Damagaram. Mu nan sai godiya, sai dai ni na kasa zama wuri ɗaya.

Yaya, muryar Inna ta fara ɓace mini. Shekara shida da rasuwarta, in na rufe ido don in ji ta, shiru! Shi ya sa na ɗauko kaset ɗin nan nata, tsohon fim ɗin Masar marar kala, wanda take bin waƙarsa ta ƙarshe tana tankaɗe, alhali ko kalmar Larabci ɗaya ba ta ji. Na ce ko waƙar za ta dawo mini da ita. Ashe bidiyon Amurka ba ya karanta kaset ɗinmu, sai zane-zane da ƙara.

An haɗa ni da wani dattijo a Summerfield, wani gari kusa da mu, sunansa Nicodemus, mai tara tsofaffin finafinan Larabawa, ɗaki guda har rufi. Yana da na'urar da ke karanta kowane kaset. Da ya ji sunan fim ɗin, ya ce wai shekara ashirin yana nema. Na yi masa alkawari: in kalla sau ɗaya, in bar masa. Tun daga ranar nake kai da komo. Na yi wauta ko?

Ƙanwarki,
Djamila

10 ga Mayu

Yaya Tchima,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na je.

Muna kaiwa waƙar ƙarshe, hoto ya yanke. Sai ga tsakar gidanmu! Kin tuna ranar sunan 'yarki, da yayanmu Sale ya aro kamara ya rasa kaset? Ashe ja'irin nan kaset ɗin Inna ya ɗauka, ya ɗora bikin sunan a kai. Ga Inna a tabarma, jaririya a cinya, tana rera waƙar da Larabcinta na ƙarya, tana dariya.

Nicodemus ya dafe kai, wai an kashe fim. Ni kuwa kuka nake har da shessheƙa. Ya juyo ya dube ni, ya dubi Inna, ya mayar da kaset baya, muka sake kallo sau uku. Sannan ya damƙa mini abina, ya ce wanda yake nema ba shi ba ne.

Ki gaya wa Sale na yafe masa duk tsokanar da ya yi mini tun muna yara. Yaya, na ji ta.

Taki har kullum,
Djamila