Ƙwayoyi a Gwangwanin Maɓallai

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Inna tana nan da sauƙi, gwiwar ce dai ke matsa mata. Sau uku ina kiran ki in faɗa miki wata magana, bakina ya ƙi, shi ya sa na ɗauki biro.

Yaya, ƙaninmu Dogo ya faɗi. Farfaɗiyar ta dawo masa ranar Talata da hantsi, yana shagonsa yana goge riga, dutsen gugar ya kife a kan hannunsa na dama. Kafin mai gyaran takalmin da ke gefensa ya ji faɗuwar kujera ya shigo, wuta ta riga ta ci. Shekara uku rabonsa da faɗuwa, har mun fara sakin jiki.

Kuma bakina ne ya jawo. Kin san aikina a ɗakin gwaje-gwaje bai wuce wankin kwalabe da farantan gilashi ba. To, wata biyu da suka wuce malamar da ke bincike ta kira ni, ta nuna mini wani abu a kwamfuta. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera ne a faranti, suna ta zabura irin na mai farfaɗiya, ta ɗiga musu wani sinadari da aka tato daga masoro, sai zaburar ta lafa. Masoro fa, wanda ke kicin ɗinmu! Ni kuwa kin san ni da rawar kai, ko gyale ban cire ba na zazzage labarin a gida. Abin da na bari a hanya shi ne gargaɗin malamar, da ta ce wannan a faranti ne kawai, ba a kai ga mutum ba, akwai sauran aiki na shekaru. Dogo yana gefe yana shan shayi.

Ashe ya gaji da maganinsa, wai yana sa shi gyangyaɗi a kan keken ɗinki. Sai ya daina sha, ya koma barbaɗa masoro a shayi. Kullum da safe Inna ta miƙa masa ƙwaya, ya karɓa da ladabi ya fita. Da na je rufe shagon na buɗe gwangwanin maɓallai, sai ga ƙwayoyin nan, farare, sun gauraya da maɓallan riga. Wallahi a ƙasa na zauna na yi ta kuka.

Likita ya ce yatsu biyu ba za su sake lanƙwasuwa ba, sauran sai an ga yadda fatar ta warke. Tela ne fa, Yaya, da me zai riƙe allura? Na roƙe shi gafara, ya ce in bari, ni na faɗi abin da na gani, shi kuma ya ji abin da yake so ya ji. Har da tsokana, wai dama ya san wata rana surutuna sai ya kwantar da wani. Ya yi dariya, ni na kasa. Ya dai koma shan maganin, a gabana yake haɗiyewa.

Rigar da yake gogewa ta ’yarki ce, wadda kika aiko da awonta. Ko tabon wuta babu a jikinta, maɓallai kaɗai suka rage. Na ce in kai wa wani tela, ya ce kada wanda ya taɓa ta. Jiya ya sa na kawo masa rigar da allura da zare, ya yi ta fama da hannun hagu, allurar na faɗuwa ina ɗauko masa. Da ƙyar ya ɗora maɓalli ɗaya, shi ma a karkace, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya fuskarsa bango. Yau da safe ya ce in sake kawowa.

Ki gaida maigida da yara, Inna da Goggo suna gaishe ku. Ki ba ’yarki haƙuri, rigar za ta makara. In ta tambaya, ki ce kawunta yana kan aikin, saura maɓalli biyar.

Taki ƙanwa,
Mai Surutu