Tsallen Watan Agusta

Port Vila, watan Afrilu

Yaya Telkon,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Rosin da yara. A gaida Mama, a ce mata maganin gwiwarta yana tafe a jirgin kaya.

Na samo mana babban jirgin ruwan baƙi. Na daɗe ina roƙon maigidanmu a ofis ya sa ƙauyenmu cikin wuraren da ake kai masu yawon buɗe ido, yanzu ya yarda. Za su sauka su kalli nagol, tsallen da mazanmu ke yi daga hasumiya, su ci gasasshiyar doya, su sayi kwanduna da tabarmi. Sai dai ba a Mayu za su zo ba, an ɗaga zuwa Agusta. Na ce masa mu ba ma tsalle a Agusta. Ya yi dariya ya ce, "Marsela, mutum ya hau hasumiyar itace, a ɗaura masa igiya a ƙafa, ya faɗo. Ina ruwan wannan da wata?"

Ka yi magana da dattawa. In sun ƙi, a yi wa baƙin rawa kawai.

Ƙanwarka,
Marsela

Tsibirin Pentikos, watan Yuni

'Yar birni,

Na gaishe ki. Duk muna lafiya, Mama ta sha magani har ta koma gonar gwaza.

Ki ce wa maigidan naki ya zo in ɗaura masa, ya gwada ko wata yana da ruwa da shi. Ke kin sani, igiyar kurmi in damina ta wuce ruwanta tsotsewa yake. A Mayu miƙewa take ta dawo da kai, gashinka ya ɗan shafi ƙasa. A Agusta, tsakiyar raninmu, ta zama ƙirare.

Mun zauna a zauren maza, an yi ta ja. Tsoho Watas ya ce kakanninmu don albarkar doya suka yi tsalle, ba don hoto ba, ya ɗauki sandarsa ya fita. Mai gari ya ce tun da guguwa ta kwashe gonakin kava, saiwar da muke sayarwa, babu abin da ya shigo ƙauyen nan, kuma baƙo ba zai hau tudu yana haki don rawa ba. Mata kuma sun riga sun ji. Rosin saƙa take ba ji ba gani, hannunta ja wur da rini, ko abinci sai na yi magiya. Samari su ma ƙafarsu ƙaiƙayi take, kowa yana so a ɗauke shi a waya.

An tsayar za a yi. Ni zan sari igiyoyin da kaina, a kwarin da rana ba ta shiga. Kar ki sa damuwa, tun kina yawo ba wando nake faɗowa daga can sama.

Yayanki,
Telkon

Port Vila, watan Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta hana ni sukuni. Na koma wurin maigida na ce a fasa. Ya nuna mini takardun talla an riga an buga, ya ce in mun janye akwai ƙauyen da ke jira, kuma daga nan ba zai ƙara jin sunan namu ba. Na fito na koma teburina. Kullum baƙi suna shigowa suna tambayata, "Da gaske babu hatsari?" Ina ce musu mutanenmu sun san aikinsu.

Don Allah a tsaya a ƙananan matakai. Baƙo bai san bambanci ba, ko daga kan rufin ɗaki ka faɗo zai tafa. Kar kowa ya hau can ƙoli. Ka rubuto ka ce mini ka ji.

Taka,
Marsela

Pentikos, watan Agusta

Marsela 'yar'uwata,

Rosin ce. Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Wasiƙarki ta iso, Telkon ya karanta, ya hana samari wuce tsakiyar hasumiya. Sun yi ta gunaguni. Amma mai rakiyar baƙi ya ce a takarda an nuna mutum daga ƙoli, shi aka zo gani. Ɗan mai gari ya fara hawa. Telkon ya janyo shi ya ce, "Sauka, matarka na da ciki." Ya hau da kansa.

Muna ƙasa muna rawa muna fito kamar kullum. Ya tafa hannu, ya faɗo. Igiyar hagu ta riƙe, ta dama ta tsinke. Na ji ƙararta duk da waƙa. Ya sauka a karkace.

Kin san yadda maza ke rugawa su ɗaga mai tsalle su tsayar da shi. Haka suka yi. Suka riƙe shi ta hammata, ƙafafunsa na lilo, yana murmushi don mai gari ya ce masa ya yi. Baƙi suka yi ta tafi. Aka zagaya da shi bayan hasumiya aka kwantar. Na nufi can, mai gari ya tare ni ya ce, "Koma rumfa, Rosin, ga su nan suna gangarowa." Na koma. Na sayar da kwandunana kaf. Wata dattijuwa ta riƙe hannuna tana yaba rinin, tana cewa mijina jarumi ne.

Sai da jirginsu ya ɗaga aka sa shi a kwalekwale mai inji zuwa asibiti. Yana da rai, yana magana, yana cin abinci. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Likita ya ce kar mu sa rai.

Mama tana gefensa tun ranar.

Taki,
Rosin

Port Vila, watan Satumba

Yaya,

Ban san da wane baki zan gaishe ka ba. Baƙin sun rubuto wa ofis cewa ƙauyenmu ne ya fi ko'ina daɗi a tafiyarsu, maigida yana so a maimaita baɗi. Ba zan iya ƙara zama a teburin nan ba. Ƙarshen wata zan ajiye aiki in dawo gida in taya Rosin ɗawainiyarka.

Marsela

Pentikos, watan Satumba

Marsela,

Na gaishe ki. Ina faɗa, Rosin na rubutawa.

Kar ki dawo. Masu juya ni a tabarma suna da yawa. Gonar doya ta zama ciyawa, yara uku suna makaranta, ga maganin Mama, ga nawa. A gidan nan yanzu ke kaɗai ce mai aiki.

Ki koma teburinki. In baƙi sun tambaya, ki faɗa musu abin da kika saba faɗa.

Ki huta lafiya.

Yayanki,
Telkon