Gidajen da Muka Ɗaure wa Ƙafa

Santa Rufina, Panay
Laraba, 6 ga Maris

Zuwa ga yayata, Manang Delfa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya sanyin Milan, yaya tsohuwar da kike jinya, yaya kuma ciwon gwiwarki? Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Jiya da ƙarfe goma na safe aka liƙa takardar rushe gidajen bakin kogi. Gida ashirin da uku ne. Takardar ta ce duk ginin da aka tarar a tsaye cikin mita ashirin daga gaɓar ruwa, ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe, katafila za ta bi ta kansa. Magajin gari ne ya sa hannu. Za a gina bangon tare ambaliya a wurin, da hanyar shan iska a samansa, da fitilu.

Na saurari saƙonninki na murya guda huɗu. Ban ɗauki wayar ba ne don na san kuka za ki yi mini, ni kuwa ba na iya tunani idan kina kuka. Gara in rubuta, in ɗauki hoton takardar in tura miki. Shekara goma sha huɗu da na yi a aikin jarida sun koya mini in ware abin da na gani da abin da aka gaya mini, to ga wanda na gani.

An ba mutanen fili a kan tudu, kilomita goma sha bakwai daga nan. Na je da ƙafata ranar Lahadi. Babu rijiya, babu makaranta, mota ɗaya ke hawa a yini. Mazan masunta ne, matan kuma su ke sayar da kifin a kasuwa, wasu suna wankau. Kwale-kwale ba ya hawa dutse, Manang. Wanda aka kai can, cikin wata biyu zai dawo ya kafa bukka ƙarƙashin gada.

Ba bangon muke faɗa da shi ba. Ambaliyar da ta ci mutum uku a unguwar nan ni na rubuta labarinta, na san ana bukatarsa. Abin da muka ƙi shi ne a murƙushe wa mutum gidansa sannan a ce ya gode.

Kin san gonar kwakwar da marigayiya Malama Consuelo ta bar wa ƙungiyarmu ta taimakon jama'a, bayan makarantar firamare. Mita ɗari bakwai ce daga kogi. Kwamitinmu ya zauna jiya da yamma, mutum shida cikin bakwai suka yarda a zuba gidajen a can. Lauyanmu ya karanta takardar sau uku. Ta yi maganar ginin da aka tarar a tsaye, ba ta ce dole a tafi tudu ba. To ba za a tarar da su ba. Gidajen gora ne da katako a kan ƙafafu, ɗaukarsu za mu yi a kafaɗa, da gayya, yadda aka ɗauki gidan mahaifinmu muna yara. Unguwa huɗu sun yi alkawarin turo maza. Ƙungiya za ta dafa taliya da busasshen kifi, ba a biyan kowa.

Magajin gari ya kira ni ofis yau da safe. Na san abin da ke damunki ke nan: Ninong Baldo ne, shi ya tsaya miki a coci ranar aurenki, shi ya sa hannu a takardun tafiyarki. Ban yi masa rashin kunya ba. Na kai hannunsa goshina kamar yadda aka koya mana, ya ba ni kofi, ya tambayi lafiyarki har sau biyu. Sannan ya ce, "Inday, 'yata, ƙungiyarku ta rabon shinkafa ce da koya wa mata ɗinki. Ku tsaya a nan, kowa ya ji daɗi."

Na ce, "Ninong, shinkafar a wane gida za su dafa ta?"

Sai ya ce in gaishe ki. To ga gaisuwar na isar.

Ƙanwarki,
Nilang

Santa Rufina
Asabar, 9 ga Maris

Manang,

Ina gaishe ki, ina fatan kin tashi lafiya kuma kin sami maganin gwiwar. Na gode da addu'ar, ko da yake na lura rabinta roƙo ne Allah ya karkato da ni.

An ɗauke gida bakwai. Saura goma sha shida, kwana ɗaya da rabi ya rage mana, kuma jinkirin laifina ne.

Shekara uku da suka wuce, bayan babbar guguwar nan, ƙungiyarmu ta yi aikin da na fi alfahari da shi. Muka haƙa rami a gindin kowace ƙafa ta gidajen bakin kogi, muka ɗaure ta da ƙarfe, muka zuba siminti, don kada iska ta sake tumɓuke gida. Ni na kawo shawarar, ni na rubuta wa masu tallafi, ni na ɗauki hotuna. Gida goma sha takwas aka yi wa haka. Ɗaya kuma, na Editha, matar da teku ta cinye mijinta, muka sake shi gaba ɗaya da bulo don ya zama abin koyi. Gida huɗu suka ƙi. A rahotona na rubuta cewa masu su "ba su fahimci amfanin aikin ba tukuna".

Ranar Alhamis da hantsi maza arba'in suka zura dogayen gora ƙarƙashin gidan farko, suka ɗaure, suka sa kafaɗa. Aka ƙirga ɗaya, biyu, uku. Gida ya ce ban san zance ba. Suka sake, har gora ɗaya ta tsage. Ina tsaye da littafina a hannu ina ƙirga mintoci, sai na ga duk sun juyo suna kallona. Wallahi, Manang, a duk lissafin da na yi kwana biyu, na motoci da igiyoyi da tukwane, simintin nan bai faɗo mini a rai ba ko sau ɗaya.

Kin tuna Lola Insiang, kakar unguwa, mai gasa ayaba a bakin gada? Tana cikin huɗun da suka ƙi. A lokacin ta ce mini gidan bakin kogi kamar kaza yake, ba a ɗaure masa ƙafa, don ba ka san ranar da za ka gudu da shi ba. Ni kuma na yi mata bayanin ƙarfin iska, da alƙaluma. Gidanta a kan duwatsu huɗu kawai yake zaune. Shi muka koma muka ɗauka, ya tashi kamar faifai. Ta ƙi fitowa, wai shekararta tamanin da ɗaya, ba za ta taka ƙasa ba alhali ga ƙarti. Haka aka tafi da ita tana zaune a taga da sigarinta, tana ce wa na hagu su ɗaga, an karkata mata tukunya. Da suka zo wucewa ta gabana ta leƙo ta ce, "Inday mai boko, rubuta a littafinki: tsohuwa ta fahimci amfanin aikin yanzu."

Aka yi ta dariya, har da ni. Me zan ce?

Simintin ba ya fasuwa cikin lokacin da muke da shi, don mun zuba shi da gaskiya. Sai dai a yanke ƙafafun daga samansa. Kowane gida ƙafa shida, ɗari da takwas ke nan, kuma katakon mai taurin tsiya ne. Masu injin yankan kwakwa uku ne a garin nan, duka ukun sun ce injinsu ya lalace. An gaya mini an je an tuna musu cewa lasisinsu daga ofishin magajin gari yake fitowa. Wannan ji na yi, ban gani ba. Muka bi gida-gida muka tara zarto goma sha ɗaya. Mata ke yanka, maza na ɗauka. Ƙafa ɗaya tana cin kusan awa uku. Tafin hannuna duk ya yi bororo, shi ya sa rubutun ya karkace.

Jiya kuma shugaban 'yan sanda ya tare mu a kan kwalta, ya ce gida ba abin hawa ba ne, ba shi da izinin bin titi. Cikin ladabi ya faɗa, kunya duk ta ishe shi, don ƙanin matarsa na cikin masu ɗaukar. Ba mu yi gardama ba. An girbe shinkafa, gonaki sun bushe, masu su suka ce mu bi. Hanyar ta ƙaru da mita ɗari uku da kunyoyin gona, amma gona ba ta magajin gari ba ce.

Kin ce in yi tunanin sunan gidanmu. Na yi. Sunan gidanmu ne a kan rahoton da ya ɗaure wa mutanen nan ƙafa, to sunan gidanmu zai kwance su.

Ki huta lafiya.
Nilang

Santa Rufina
Litinin, 11 ga Maris, da la'asar

Manang Delfa, yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya tsohuwarki? Ina lafiya, kafaɗa ce kawai ba ta ɗaguwa.

Katafila ta iso ƙarfe takwas da minti goma. Gida ɗaya ta tarar.

Da zarto kaɗai da ba mu kai ba, na yi lissafin, da gida shida sun rage. Jiya bayan an fito coci sai ga Tiyo Dencio, babba cikin masu yankan kwakwa, da buhun shinkafa a kafaɗa. Ya sauke, ya zaro injinsa daga ciki. Ya ce wata mata ce ta kira shi ya sare mata kwakwa a unguwar nan, shi kuma idonsa ya yi rauni, duk abin da ya gani a tsaye kwakwa ce a wurinsa. Na ce masa lasisinsa fa? Ya ce uwarsa a gida na tara na bakin kogin nan aka haife ta, in matsa in ba shi wuri. Kafin azahar ya gama da ƙafa talatin da ɗaya.

Gayyar jiya ta fi ta kowace rana. Na ƙirga maza ɗari da goma sha biyu, har da malaman makaranta da direbobin babur mai ƙafa uku. Gida biyu-biyu ake ɗauka, ana tsere a cikin gona, masu gaba na zolayar na baya wai tsofaffin matansu sun fi su sauri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu kuwa gidan gaba ɗaya muka ɗauka, har da hoton Maryamu a bango. Na ashirin da biyu ya sauka a gonar Malama Consuelo kafin faɗuwar rana. Waɗanda aka yanke wa ƙafa duk sun gajarce da kamu biyu, an ɗora su a kan duwatsu. Lola Insiang ce ta zagaya tana duba zaman kowanne, ba wanda ya nemi ra'ayina.

Wanda ya rage na Editha ne, gidan bulo, abin koyinmu. Shi ba ƙafa gare shi ba balle a yanke. Mun cire kwanon rufi da ƙofa da tagogi uku da safen nan. Editha ta tsaya da 'ya'yanta mata biyu tana kallo. Na je na ce mata ta yafe mini. Ta ce shekara uku ruwa bai zubo musu a kan gado ba, ba ta da abin yafewa, amma in daina tsayawa haka kamar gunki in kama mata ƙarshen katifa. Minti goma sha huɗu katafila ta yi a kansa. Na duba agogo.

Daga nan direban ya sha wahala, don kututturan simintinmu ɗari da takwas suna nan a ƙasa, kowanne sai an tono shi. Ninong Baldo ya zo da motarsa, bai fito ba. Ya sauke gilashi ya dubi filin, ya dube ni. Na gaishe shi daga inda nake. Ya ɗaga gilashin.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu tun ban yi wanka ba, don ki ji daga bakina kafin 'yan gulma su kira ki. Editha da 'ya'yanta suna gidanmu. Na sa su a ɗakin sama, naki, wanda kika sa aka yi wa tayil bara. Akwatunanki na mayar da su ɗakina, ban buɗe ko ɗaya ba. Za su zauna har ƙungiya ta gina musu wani, na gora, a kan duwatsu. Ban nemi izininki ba don na san za ki ce a'a yau, ki ce e bayan sati biyu, su kuwa yau suke bukatar wurin kwana. Ki yi fushi da ni yadda kike so. Ki kira, wannan karon zan ɗauka.

Ki gaishe da mutanenmu na can. Allah ya tsare mini ke.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Nilang (Leonila Sumagaysay)

Ƙari: Injiniyan ƙaramar hukuma ya zo gonar da ƙarfe biyu, ya auna gidajen ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta, ya tafi. Wata ma'aikaciyar ofishinsu ta gaya wa lauyanmu cewa ana shirya sabuwar takarda, ta gini ba da izini ba, kuma ranar Laraba za a sa mata hannu. Mutum ɗaya ne ya faɗa. Ba mu ga takardar ba tukuna.