Rabawar Maraɗi

Talata da dare, Gusau

Yau na zane Hadiza, sabuwar ɗalibar da iyayenta suka taso daga Maraɗi. Lissafin rabawa na ba 'yan ajinsu, sai ta jera nata a birkice, lambar da ake rabawa da ita a dama, amsa a ƙarƙashinta. Na ɗauka raini ne. Bulala shida na zuba mata a tafin hannu, ta ƙarshen ta fasa fata.

Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, hakanan aka koya muna tun aji huɗu na firamare."

Mu nan har a sakandare muke fama da lissafin rabawa. Da aka tashi na duba littattafansu, duk ajin ita kaɗai ta ci goma bisa goma. Kuma hannun da take rubutu da shi na fasa.