Ƴata da Ido Take Ji

Assalamu alaikum matan wannan zaure. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana, akwai dangin mijina a guruf ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai kaina ya tsaya cak, ko kuka na nema ba ya zuwa.

Ni haihuwar Agege ce, nan na tashi, nan aka yi min aure. Maigidana mahauci ne a abatuwa, shi kuma daga wani ƙauye a Jigawa ya zo. Ƴarmu ɗaya, bari in kira ta Ummi, shekararta huɗu da rabi kuma har yau ba ta haɗa magana, daga "Mama" sai "uwa" wato ruwa, sauran duk nuni ne da hannu. Kowa a gidan hayarmu ya zama likita a kanta, kuma bakinsu ya zo ɗaya, wai yaruka ne suka yi wa yarinya yawa, a ɗaki Hausa, a tsakar gida Yarbanci, a bakin titi burokan Turanci, a makaranta Turanci, ta rasa wanda za ta kama. Ni ma na yarda, don ya fi daɗin ji. Har dukanta na sha yi in na kira ta ta ƙi waiwayowa, ina cewa taurin kai ne irin na dangin ubanta.

Bara na sa ta a nazaren makarantar gwamnati da ke kusa da layin dogo. Ba wata makarantar a zo a gani ba ce, bencina sun ji jiki, in jirgi zai wuce sai an dakata da karatu. Malamarsu wata dattijuwar Bayarbiya ce, kowa Anti yake ce mata. Ita ce ta tsare ni wata rana da na je ɗaukar Ummi, ta ce min ta lura sauran yara tun daga nesa suke toshe kunne in jirgi ya taho, Ummi kuwa sai ƙasa ta fara rawa sannan take ɗago kai. Ta ce ta mayar da ita bencin gaba, kuma ba ta yi mata magana sai ta durƙusa sun haɗa ido. Sai a lokacin na gane daga ina ƴan sabbin kalmomin da take zuwa da su gida suke fitowa. Anti ta ce in kai ta a duba kunnenta.

Na ce wa maigidana zan je Iyana Ipaja wurin yayata, na wuce asibiti. Likita ta ce kunnen hagu ba ya aiki, na dama kaɗan yake ɗauka, yawancin abin da take ganewa daga leɓen mutum take karanta shi. Na ce to, na gode. Na ninke takardar, muka hau danfo, har na saya mata fanke a hanya. Na dawo na ɗora girki kamar ba a yi komai ba. Takardar tana cikin akwati ƙarƙashin zannuwana, wata biyu ke nan.

Za ku ce me ya hana ni gaya masa. Yana da wa da aka haifa kurma, sunansa na yanka Sule, amma har ya koma ga Allah Bebe ake kiransa a garin, har Inna mahaifiyarsu da ta san zafin haihuwarsa. Mijina ya taɓa ba ni labarin yadda ya tashi yana dambe da yaran unguwa a kan wannan sunan. Ranar da wata maƙwabciya ta ce ko kunnen Ummi ne, sai da ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarta, ni kuma ya ce min, "Ƴata ba Bebiya ba ce." Daga ranar ban ƙara kawo maganar kunne a ɗakinmu ba.

To yanzu ya yanke hukunci, bayan Babbar Sallah za a kai Ummi gida ta zauna inda Hausa kawai za ta riƙa ji, wai bakinta zai buɗe. Mun yi ta kai ruwa rana, na ce yarinyar da ba ta iya faɗin inda ke mata ciwo ba ita za a raba da uwarta, ya ce ai don hakan ne ma, na ce ni ma a Legas na tashi da yaruka uku kuma ga shi bakina ya ishe shi, ya ce wannan kam gaskiya ne. Ƙarshe dai alfarma ɗaya ya yi min, ya ce tunda za mu je bikin ƙanwarsa, in duba makarantun gwamnati biyu da suke da rabin aji a yankinsu, wato ajin ƙananan da ba su isa shiga aji ɗaya ba, duk wadda na zaɓa can za ta.

Mun je bikin, na duba. Ta farko a hedikwatar ƙaramar hukuma take, inda yayarsa take aure, a wurinta Ummi za ta zauna. Gaskiya ta fi tamu ta Agege nesa ba kusa ba. Sabon gini, an zana raƙumi da zomo a bango, ƙananan kujeru, ga famfo, ga lilo, ga katanga. Malamar yarinya ce mai haƙuri, muryarta kawai ta isa ta kwantar da yaro. Amma da niƙabi take koyarwa, don tagogin ajin suna kallon inda ƴan acaɓa suke tsayawa. Na zaunar da Ummi a cikin yaran na koma gefe. Ta kalli baƙin ƙyallen ta ƙara kallo, ta juya tana bin bakin sauran yara ko za ta tsinci wani abu, daga baya ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar takalminta har aka tashi. Yayar mijina tana ta yaba kujeru, ni kuma ina ta cewa ma sha Allah. Ta ina zan fara ce wa baiwar Allah ta ɗage niƙabinta, kuma in ce saboda me?

Ta biyu a ƙauyensu take, kusa da gidan Inna. Rabin rufin ajin iska ta ɗauke, babu kujera ko ɗaya sai tabarmi, yara sun cika har bakin ƙofa. Malamin tsoho ne, shi ke riƙe da aji ɗaya ma, kuma an ce da damina gona ce ke cin rabin satinsa. Amma a ƙasa yake zama daidai da yaran, in zai faɗi harafi sai ya hangame baki har ki ga jan goro. Ummi ta rarrafa ta je gabansa ta zuba masa ido. Ya ce "ba", na ga leɓenta ya haɗu, ta ce "ba". Ya kamata in ji daɗi, ban ji komai ba. Muna fitowa wata tsohuwa da ke talla a bakin makarantar ta bi ta da kallo ta ce ai wannan jikar Inna, Bebe ta ɗauko, dubi yadda take karkata kai. Ba da mugunta ta faɗa ba, har gyaɗa ta ba ta.

Ga lissafin da na dawo da shi Legas. Inda aka gyara ba za ta ga bakin malama ba, inda za ta gani kuma kafin wata ya zagayo sun canja mata suna. Ni abin da nake so ta zauna a bencin gaba wurin Anti, in ci gaba da kai ta asibiti, don likita ta ce akwai abin da ake saka wa yaro a kunne. Amma ba ni da hujjar da zan ba shi sai wadda ke cikin akwati.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne abin da na gani ranar Juma'a. Maigidana ya dawo daga masallaci da lemo a leda, Ummi tana zaune ta ba ƙofa baya. Bai kira ta ba. Ya zagaya ta gabanta, ya durƙusa, ya ɗago haɓarta da yatsa biyu, ya matsa ta ɓangaren dama, sannan ya ce mata lemo a hankali yana buɗe baki. Hannunsa ya san aikin, ba yau ya koya ba. Na tsaya da ludayi a hannu ina neman rana ɗaya da na taɓa jin ya kira ta daga baya, ban samu ba. Ni ce mai kira daga baya, ni ce mai duka. Ya ɗago ya ga ina kallonsa, sai ya ce, "Kin zaɓa?" Na ce ina tunani.

Sallah saura sati uku. Shi yana jira in ce birni ko ƙauye, Anti kuma ta ce bencin gaba yana nan in mun dawo hutu. In na yi shiru za a tafi da ita, in na fito da takardar na kashe masa ɗan fatan da yake riƙe da shi, kuma ban san me zai rage a tsakaninmu ba. Don Allah masu hankali a cikinku ku taimake ni. In ajiye masa takardar a gabansa ne, ko in sa Inna ta fara, tunda ita ma ta ga yadda yarinyar ke karkata kai? Mutumin da ya riga ya sani, ta yaya ake gaya masa?