Saniyar da Ke Tashi Kamar Doki

Talata, bayan isha'i, Kazaure

Yau Arɗo, shugaban ƙungiyar makiyayan Roni, ya zo ganin hoto mai motsi da na yi wa shafinsu na intanet. Ya kalli garken sau biyu, ya ce, "Malam, shanun nan dawakai ne suka haife su? Ai saniya da ƙafar baya take fara tashi."

Duk karance-karancena, ban taɓa tsayawa na kalli saniya tana miƙewa ba.

Abin tsoron shi ne, saniya guda na zana. Motsin ƙafa yana cikin saniyar, saniyar tana cikin garke, garken yana cikin kowane shafi. Da na taɓa ƙafar ɗazu, komai ya rikice, har maruƙa suka riƙa ratsa cikin iyayensu. Na mayar da ita yadda take.

Jibi za a nuna wa dattawansu, kuma Arɗo ne ya tsaya mini. Idan suka yi dariya, shi za su yi wa.

Gobe da asuba zan tafi rugarsa, in tsuguna, in jira saniya ta ga dama ta koya mini aikina.